Yayen Abba

Kun sha jin Goggonku Hansai tana ba da labarin shekarar da aka haifi Kulu, kuma duk ta inda ta ɗauko shi, wuri ɗaya take dire shi: wai ni ce matar da ta buɗe baki a tsakar gida, gaban jama'a, ta sa uwar mijinta ta sauke mata ɗa daga baya. Ba ta yi min ƙarya ba. Na yi, kuma ko yau aka mayar da ni wurin zan sake. Sai dai Hansai rabin abin ta gani ta hau mota ta koma gidanta. Sauran rabin daga ni sai Inna, kakarku, ita kuwa ƙasa ta rufe mata ido. Saboda haka ku ji daga wurina. Zan riƙa rubuta sunan yayanku Abba kai tsaye, duk da cewa har yau, da furfurata da komai, bakina bai saba da kiransa ba.

A lokacin muna gidan haya a Birnin Kudu, babanku yana ɗinki a bakin kasuwa, ni kuma ina gida da Abba, wanda bai daɗe da fara tafiya ba. Ku da kuka san shi yanzu, mutum mai sanyi, mai tafiya kamar ba ya son taka ƙasa, ba za ku yarda da irin ɓarnar da ya yi ba. Ludayina a randa nake tsintar shi. Takalmin babanku ya taɓa kwana a cikin tukunyar miya. In na shanya gero sai ya zauna a tsakiya yana ɗiba yana watsa wa kajin maƙwabta, yana yi musu jawabi da yaren da shi kaɗai ya sani. Ƙasa kuwa abincinsa ce, in na ƙwaƙule ta daga bakinsa ya cije min yatsa, ya kuma yi dariya. Sau da yawa nakan zauna a bakin murhu in ji kamar in ɗora hannu a ka in yi ihu. Amma in barci ya zo masa, sai ya rarrafo ya hau cinyata ya kama min kunne da 'yan yatsunsa yana murzawa har ya yi luf. Ba ya barci sai da kunnen mutum a hannu. A gaban mutane ba na ko kallonsa, don ɗan fari ne, kuma dangin babanku mutanen shanu ne tun asali, kunya a wurinsu ta fi tufafi. In baƙi suka shigo sai in ce, "A ɗauke yaron nan daga hanya," kamar ɗan wani ne. In suka fita in janyo shi in yi ta sansanar kansa.

Ana cikin haka na fara jin warin manja yana tayar min da zuciya. Na sha jinin jikina tun kafin a gaya min. Kwanika ce, wato ciki a kan goyo, abin da mata ke taɓa juna a kai in kin wuce. Aka ce nonona ya zama ɗanye, zai lalata wa yaro ciki, dole a yaye shi ba da ɓata lokaci ba. Al'ada kuwa ba uwa ke yaye ɗanta ba, wurin kaka ake kai shi ya manta da nono, sannan a dawo da shi. Ni mahaifiyata ta rasu tun ina budurwa a Kangire, don haka babu wani zaɓi sai Inna, mahaifiyar babanku, a Farin Dutse ta ƙasar Gwaram. Inna tana zaune ita kaɗai a sashenta tun rasuwar kakanku, wanda Abba ya ci sunansa. Da ta zo ɗaukarsa fuskarta kamar an yi mata albishir da kujerar Makka.

"Maigida, tashi mu tafi gidanka," in ji ta. "Ka bar wa wannan amaryar ɗakinta."

Na haɗa masa kayansa ina dariya, don dariyar ake so a gani. Ina so in ce mata ba ya barci sai ya kama kunne, ina so in ce a kula da shi da cin ƙasa, amma uwar ɗan fari ba ta yin irin wannan magana. Na tsaya daga bakin ƙofar ɗaki har na daina jin ƙarar babur ɗin babanku, sannan na shiga na kwanta rub da ciki.

Nono ya cika ya yi tauri, na yi zazzaɓi, duk wannan ya wuce. Abin da bai wuce ba shi ne rijiyar gidan Inna. Tsohuwar rijiya ce a tsakar gida, bakinta daidai da ƙasa, an gitta mata itace guda ana tsayawa a kai a ja ruwa. Ina tankaɗe in gan ta. Ina salla, Allah Ya yafe min, in gan ta a kan dadduma. Yaron da ke jefa ludayi a randa don ya ji ƙarar ruwa, me zai hana shi leƙa rijiya? In na ji sallamar baƙo a zaure sai gabana ya faɗi, in ce shi ke nan, an aiko daga Farin Dutse. In yaran unguwa suka kwashe da ihu sai in fito da gudu, in tarar ƙwallo suke bugawa. Babanku yakan je gaida Inna lokaci-lokaci, in ya dawo in ajiye masa abinci in zauna nesa kaɗan ina kewaye-kewaye.

"Yaya Inna?"

"Lafiya lau."

"Awakinta fa, sun haihu?"

"Ɗaya ta haihu."

"Rijiyar nan kuwa, an ɗaga mata baki?"

"Me ya sami bakin nata? A kanta muka girma, ba wanda ya faɗa."

Shi ke nan, sai ya ci gaba da cin tuwonsa. Na tambayi awaki, na tambayi rijiya, na tambayi har bishiyar tsamiyar ƙofar gida, ban tambayi ɗana ba. Shi ma bai ce komai a kansa ba, don shi ma ɗan farinsa ne, kunyar ta ci mu mu biyu. Wata rana dai ya kuskure ya ce, yana murmushi shi kaɗai, "Wai yanzu har kiran awaki ya iya." Na riƙe wannan 'yar maganar na yi ta juya ta a raina har na tsawon mako.

Yayen da aka ce na 'yan makwanni ne ya ci damina, ya ci kaka. Aka yanke gero, aka cire gyaɗa, ba wanda ya tayar da zancen dawo da shi. Da na yi wa babanku shaguɓe sai ya ce ai cikina ya tsufa, hutu ake ba ni. Na san ba hutu ba ne. Na ga gidajen da aka kai yaro yaye ya zama na kaka har aure, uwarsa ta zama baƙuwar da yake gaisarwa da salla. A nan tsorona ya sauya. Da ina tsoron a zo a ce min ya faɗa rijiya, yanzu kuma ina tsoron yana nan lafiyarsa ƙalau amma ya tashi daga nawa.

Na haifi Kulu. Ana gobe suna Inna ta iso da Hansai, da buhun gero da man shanu, da kuma Abba a bayanta. Ya yi ƙiba, ya yi baƙi, an yi masa aski an bar masa ɗan zanko. Ta sauke shi a ƙofar ɗakina. Ina zaune na fito daga wankan jego, jikina yana tururi. Ya dube ni sama da ƙasa yadda ake duban mai talla, ya koma ya riƙe zanen Inna.

"Wace ce wannan, Maigida?" Inna ta tambaye shi.

"Rakiya," in ji shi, da irin muryarta sak.

Mata suka bushe da dariya, ni ma na taya su. Da azahar barci ya kama shi, ina hango shi ta labule, ya hau cinyar Inna ya kama mata kunne. Na juya na kalli bango, na bar hawaye suka yi ta zuba a kan jaririya.

Washegarin suna da hantsi, gida cike da 'yan taya kwashe-kwashe, Inna ta ɗaure kayanta, ta sunkuya ta goya Abba. Hansai tana gyara mata majanyi tana cewa ai Maigida ya zama ɗan Farin Dutse, in ya isa karatu ma can za a sa shi, ga makaranta kusa da gida. Kowa ya ce haka ne, Allah Ya raya. Ni ban san lokacin da na miƙe ba. Na ji dai ƙafafuna a tsakar gida, Kulu a kafaɗata, na kuma ji muryata kamar ta wata.

"Inna, ki yi haƙuri ki sauke shi."

Wata tsohuwa da ke wanke tukunya ta tsaya da soso a hannu.

"In sauke wa?" in ji Inna.

"Ɗana. Yaye aka ce, kuma ya yayu. A bar min shi."

Hansai ta tafa hannu ta yi salati. Inna ba ta ɗaga murya ba, kuma da ta zage ni da ya fi min sauƙi. Ta dube ni tsawon lokaci, sannan ta kwance majanyi ta zame shi ƙasa a hankali.

"Yau na ga abin da ban taɓa gani ba," in ji ta. "Ga ɗanki nan, 'yar Kangire. Da ma ban ce ni na haife shi ba."

Ta sa aka ja shi bayan ɗaki da 'yar tsokar nama, ta ɗauki ƙullinta ta fita ba ta waiwayo ba.

Na ɗauka na yi nasara. Da ya gama cin namansa ya zagayo bai gan ta ba, sai ya shiga ɗaki-ɗaki yana kira. Ya duba banɗaki, ya duba bayan randa. Daga nan ya tafi zaure ya zauna yana fuskantar hanya, ya fara kukan da ban taɓa jin irinsa ba. Na kawo kunu ya ture. Na dama fura da nono ya kifar. Na miƙa masa kunnena da kaina, ya kai min duka. In na ɗauke shi sai ya sandare ya bankare har sai na ajiye. Kwanaki suka yi ta tafiya a haka, muryarsa ta dushe, sai dai a ga bakin yana motsi yana cewa Inna. Gudawa ta biyo baya. Ƙibar nan da ya zo da ita ta zube, idanunsa suka faɗa, wuyansa ya yi siriri. Muka kai shi asibiti, aka ba mu ruwan gishiri da sukari, ma'aikaciyar ta ce ba ta ga wata cuta ba, yaro dai ya ci abinci. Yaya za a yi ya ci, ba ta faɗa ba. Ga Kulu tana nata kukan, ga wankan jego safe da yamma, ga maƙwabta da ke shigowa dubiya su fita suna ƙus-ƙus a zaure. Na bar tsoron rijiyar da ke can nesa, na koma tsoron zan kashe shi da hannuna a cikin ɗakina. Wata safiya babanku ya tsuguna ya taɓa goshin yaron.

"Kin ce a bar miki, an bar miki," in ji shi. Ya tura babur ɗinsa waje, na ji ya ɗauki hanyar Gwaram.

Da la'asar suka iso. Inna ba ta amsa gaisuwata ba. Yaron da ko zama ba ya iya yi sosai, yana jin sallamarta ya miƙe yana tangaɗi ya faɗa jikinta. Ta ce a kawo fura. Furar da ya kifar min ita ce ya shanye daga hannunta, har yana lashe ludayi. Na tsaya ina kallo, ga daɗi ga baƙin ciki. Da ya yi barci na je na durƙusa a gabanta.

"Inna, ki tafi da shi. Na haƙura. Ya rayu a wurinki ya fi min."

Ta shiga kore masa ƙuda da gefen mayafi.

"Da bakin faɗa, da bakin ba da kai, duk naki ne," in ji ta. "In na tafi da shi yau, ya tafi kenan, ba zai ƙara saninki ba. Ni kuma shekaruna nawa suka rage? In na mutu ya koma wurin wa, wurin Rakiyar da yake kallo kamar mai talla? Tashi ki ba ni wuri. Zan zauna. Abin da na ce ki yi shi za ki yi, kuma kar ki sa min baki."

Da farko ba ta yi komai ba sai ciyar da shi, har kumatunsa suka dawo. Sannan wata safiya, da na gama ba Kulu nono, ta karɓe ta ta goya. Abba ya zo ya kama zanenta yana ɗaga hannu, ta ce masa baya ya cika, ya je wancan bayan da ba kowa. Ya yi birgima a ƙasa, ba ta ko dube shi ba. Haka ta wuni da jaririya a baya, ni kuma da ɗanyen jikina na goya ƙaton yaro yana dukan kafaɗata. Ta kwashe duk abin da yake so ta kai ɗakina, fura, ƙuli-ƙuli, 'yar soyayyiyar gyaɗa. In ya zo wurinta da yunwa sai ta buɗe masa tafin hannu wayam.

"Ni ba ni da komai. Uwarka ke da abinci. Ka ce mata Umma, ta ba ka."

Sannu a hankali ta ƙara wuta. Matar da ba ta taɓa yi masa tsawa ba ta koma ɗaure masa fuska tamau. In ya miƙa hannu zai kama kunnenta ta buge hannun. Ta daina ce masa Maigida. In ya matso tabarmarta ta ce, "Kai, tashi min a nan!" da muryar da ko ni sai na razana. Yakan tsaya tsuru-tsuru yana kallonta, leɓensa yana rawa, bai gane laifin da ya yi ba. Na kasa jurewa, wata rana na ce, "Inna, ya isa haka mana." Ta harare ni ta ce ai na yi alƙawarin ba zan sa baki ba.

Ranar da abin ya juya, yana bin ɗan tsako ya yi tuntuɓe da turmi, gwiwarsa ta fashe. Inna tana zaune a inuwa tana tsince wake a faifai, ni ina bakin murhu. Ya miƙe da jini yana bin ƙafarsa, ya buɗe baki, ya tsaya a tsakiyarmu. Ita ya fara kallo. Inna ta sunkuyar da kai kan faifanta kamar ba ta ji komai ba. Ya jira, ya ƙara ƙarfin kukan, ba ta ɗago ba. Sai ya juyo ya sheƙo da gudu ya cusa kansa a cikina yana cewa Umma. Na rungume shi a tsakar gida, ban damu da wanda zai gani ba. Ta saman kansa na hango Inna tana zubar da wake mai kyau a ƙasa tana mayar da tsakuwa cikin faifai.

Abba, kwanakin baya na ji ka kana gaya wa 'ya'yanka cewa kakarka mafaɗaciya ce, ba ta son yara su matso kusa da ita, wai kai tun tasowarka tsoronta kake ji. Ban ce maka komai ba a lokacin, don a gaban matarka ne. Gaskiya ne ba ta ƙara sakar maka fuska ba har ta bar duniya. Ko da muka riƙa zuwa Farin Dutse da salla, sauran jikoki suna hawa jikinta, kai sai ta aike ka ko ta kore ka wurina. Tana tsoron in ta sake maka ko sau ɗaya za ka tuna. Kai ba ka tuna ba, ita kuwa ba ta manta ba, kuma ni na jawo mata wannan da maganar da na yi a tsakar gida, ko da yake ɗana na nema ba na wani ba.

Ranar da za ta koma, bayan mun yi arba'in, ta ɗaure ƙullinta da sassafe, babanku yana waje yana ɗumama babur. Ka fito daga ɗakina da ƙosai a hannu, kana ganinta ka zagaya bayana ka riƙe zanena. Ta sunkuyo, a karo na farko cikin makwanni ta kira ka da sunan da ta saba.

"Maigida, zan tafi. Ba sallama?"

Ka leƙo da ido ɗaya ka ce, "Tafi!"

Maƙwabtan da suka zo rakiya suka yi dariya. Inna ta fi kowa dariya, har da tafa hannu.

"Alhamdu lillahi," in ji ta. "Yanzu ya yayu."

Na zame zanena daga hannunka, na ɗauki ƙullin na bi ta. Da na shiga zaure sai na tarar ba ta fita ba. Tana tsaye ta jingina goshinta da bango, ta cusa mayafi a baki, kafaɗunta suna girgiza, ba sauti ko kaɗan. Na ajiye kayan, na ce Inna, na kai hannu zan taɓa ta. Daga cikin gida muka ji takun 'yan ƙafafunka kana nufo zaure kana kiran Umma. Ta ture hannuna da sauri, ba ta juyo ba.

"Koma ki tare shi," in ji ta. "Kar ya gan ni a haka, aikin ya lalace."